Na Je Batsari da Safana Neman Dattijon da Na Ɗora Hotonsa

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sarara ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo a zaurenmu na Watsaf na 'yan aji: "Rakiya, wai da gaske Batsari kika je? Da ƙafarki? Ina hotuna?" Jummai kuwa har gida ta biyo ni, ta haye gadona ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Sunayen mutane na sauya su, ƙauyen ma ba zan faɗa ba, ku dai ɗauka a yankin Karare yake. Kuma sai da na nemi izinin masu labarin kafin na fara.

Kun san aikina. Shekara uku ke nan ina riƙe da shafukan sada zumunta na wata ƙaramar ƙungiya a nan Kano, mai raba wa manoma ingantaccen iri. Ni ban taɓa riƙe fartanya ba. Ma'aikatanmu na karkara su turo hotuna, ni in zaɓi mai kyau, in rubuta 'yan kalmomi masu daɗi, in ɗora. Idan masu tallafa mana suka ga jama'a na yabawa, sai su ƙara buɗe hannu. Haka abin yake tafiya.

A farkon bazarar nan muna shirin neman tallafin damina, sai na shiga tonon hotunan kakar da ta wuce. Na ci karo da wani dattijo, Malam Iro, tsaye gaban tarin buhunan gyaɗa da suka fi shi tsawo, yana wani murmushi mai kunya. Na ɗora shi a Fesbuk, na rubuta cikakken sunansa da na ƙauyensu, na ƙara da cewa irinmu ya sauya masa rayuwa. Ban taɓa ɗora abin da ya yi farin jini irinsa ba. Kwana biyu da haka wani shafin siyasa na can yankin ya kwafe hoton, ya manna fuskar Honarabul ɗinsu a kusurwa, wai aikin maigidansu ne. Muka yi ta dariya a ofis.

Bayan mako guda saƙon murya ya shigo lambar ofis. Mace ce, ba kuka, ba faɗa.

"Baiwar Allah, ni ce Zulai, ɗiyar Malam Iro. Don girman Allah ki cire hoton babana. Mutanen daji sun kira shi, sun ce sun gani. Mun baro gida."

Nan take na goge. Na kira lambar, ba ta shiga. Na yi ta kira kwana uku, shiru. Ogana mutumin kirki ne, amma yana son komai a rubuce, ya ce mu wallafa ban haƙuri a shafi. Na ce, "Yallaɓai, mu sake rubuta sunansa ke nan?" Sai ya janye maganar. Na ce ni dai zan je in gan su da idona. Ya ce ba da yawun ofis ba. Na ce na ji. Umma kuwa cewa na yi da ita Katsina za ni wajen Gwaggo, wanda rabinsa gaskiya ne.

Na bar Kano bayan asuba, kafin azahar ina Katsina. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta haɗa ni da wata aminiyarta a Batsari, Malama Hauwa mai koyarwa a Islamiyya, ta ce a wajenta zan sauka.

Wautata ta farko a tasha na yi ta. Na samu wuri a bayan wata tsohuwar mota, mu huɗu a matse, sai na kira ƙanwata da muryar nan tawa ta Kano: "Ga ni a motar Batsari, nan da awa ɗaya da wani abu na isa." Ban rufe baki ba wata tsohuwa da ke gefena ta mintsine ni a cinya.

"Ke ɗiyar nan, sassauta. Nan ba a faɗin inda za a, ba a faɗin sa'ad da za a isa."

Na kashe wayar, kunya ta rufe ni.

Mota ta cika, amma direba ya ƙi tashi. Ya jingina da ƙofa, waya a kunne, kamar ba shi da fasinja. Zufa na ta tsiyaya mana. Da a Kano ne da tuni an cika shi da baƙar magana, amma a nan ba wanda ya ce uffan. Na tambayi tsohuwar me ake jira, ta ce labarin hanya. Ashe direbobin suna da zaurensu na Watsaf, duk wanda ya wuce sai ya turo murya. Muna nan kusan rabin awa, sai ya ɗaga wayar sama don kowa ya ji. Wata murya ta ce, "An wuce lahiya." Shi ke nan. Ba sunan mai magana, ba sunan wuri. Direba ya yi bisimilla ya tayar da mota. Na zauna ina tunanin doguwar tatsuniyar da na rubuta a ƙarƙashin hoton Malam Iro.

Shingaye kam mun wuce su ba adadi, na sojoji, na 'yan sanda, na 'yan sa-kai masu riguna cike da layu. A na ƙarshe aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani ɗan sa-kai mai faffaɗan ƙirji ya zura hannu a jakata, ya zaro ƙarfen nan nawa mai ƙafa uku da nake ɗora waya in zan ɗauki bidiyo. Wallahi na manta yana ciki, don a jakar yake kwana yake tashi. Ya ja da baya ya kira 'yan uwansa. Kafin in ankara mutum biyar sun zagaye ni.

"Mi ne ne wannan? Mazaunin bindiga?"

Dole na tsuguna a bakin titi na baje ƙafafun, na maƙala wayata a sama, na nuna musu. Sai ɗaya ya fashe da dariya, sauran suka kama. Mai ƙirjin bai yi dariya ba.

"Ke 'yar jarida ce?"

Na ce a'a.

"To tura shi can ƙasan jaka. Kar ki sake fiddo shi har ki bar ƙasar nan."

Batsari ba yadda na zata take ba. Na ɗauka zan tarar da gari a mace, sai na ga mutane sun yi masa yawa. Kowane zaure da tabarmi, kowane kango da labulen buhu a ƙofa, mutanen ƙauyuka ne da suka taso. Gidan Malama Hauwa ɗaki uku ne, amma iyali huɗu na tarar ban da nata. Ta karɓe ni kamar ta shekara tana jirana. Gaisuwa kuwa sai da na ƙosa. An tambayi hanya, an tambayi gajiya, an tambayi Gwaggo, an tambayi Umma da ba su taɓa gani ba, an dawo kan hanya. Kowace mace a gidan sai da ta zo ta yi tata daga farko. Mu da muke gaisawa ido na kan waya, sai na ga ban iya komai ba.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Kun san halina da abinci. Ban ma san hannuna ya kai kan waya ba, sai gani na yi matan nan sun ja mayafi sun rufe fuska gaba ɗaya, har da wata mai shayarwa da ta juya wa ƙofa baya. Na ce, "Wallahi tuwon zan ɗauka." Malama ta yi murmushi ta ce, "Ci abinki, Rakiya. Tuwon ma bar shi ya huta." Na ci, kuma ban taɓa cin miyar kuka irinta ba.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ba ta ce mini komai a kai ba. Ta kira wata ɗalibarta, matar aure, ta yi mata magana a kunne. Ba waya, ba lamba. Magana ta bi gida-gida ta bakin matan Islamiyya, kafin a kira magariba sai ga sallama.

Zulai sa'ata ce, doguwa, da goyo a baya, hannuwanta na ƙanshin man gyaɗa don sana'arta ke nan. Na tashi zan yi magana, duk abin da na haddace a mota ya gudu. Ita ta fara.

"Ke ce mai shafin?"

"Ni ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Na zaci babba ce."

Ta zauna ta kwance goyo. Ta ce layin da ta turo mini saƙo da shi ta karya shi a ranar, na Baba ma sun jefa a masai, shi ya sa ban same su ba. Na tambayi inda Baban yake. Ta ce sati ɗaya ya yi a Batsari. Ran kasuwa ya fita sayen goro, wani ya hango shi ya ɗaga murya, "Ga mai buhu na Fesbuk!" Da wasa ya faɗa, amma a garin da ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba, wannan ba wasa ba ne. Washegari ya wuce Safana wajen ƙanensa.

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Haƙurin na Baba ne, ki kai mashi. Ni abin da ya dame ni, naku kun cire, na Lawal fa? Shina nan har yau."

Lawal shi ne mai riƙe da shafin Honarabul. Washegari da hantsi muka same shi a gindin wani darbejiya kusa da shagon cajin waya, wayoyi uku jere a kan benci. Zai kai shekara talatin da biyar, ya yi karatun koyarwa bai samu aiki ba, shafin nan shi ne abincinsa. Na gabatar da kaina, ya washe baki.

"Ah, Hajiya, ashe ku ne! Hoton nan naku ya yi tafiya. Oga da kanshi ya kira ni ya yaba."

Na ce cirewa na zo ya yi. Fara'ar ta ragu. Ya ce shi ɗan aike ne, abin da Oga ya yaba ba ya taɓuwa sai da izinin Oga, Oga kuma yana Abuja. Na hau Turanci, na ce hoton mallakar ƙungiyarmu ne, za mu iya kai ƙara. Ya kwashe da dariya har yana buga benci.

"Ƙara? Wace kotu, Hajiya? Ku da kuka fara sa sunan garin?"

Nan ya kashe bakina, don gaskiya ya faɗa. Ina tsaye ina huci. Sai Zulai, wadda tun zuwanmu ba ta tanka ba, ta gyara goyonta ta matso.

"Lawal, mahaifiyarka Inna Abu tana ƙauye har yanzu, ko?"

Ya dube ta. "Tana can. Ta ƙi tasowa."

"Da tumakinta?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"To ka je ka ɗauke ta hoto da su, ka sa sunanta da na garin, ka manna Honarabul a gefe. In ka yi haka, bar na babana."

Mai shagon caji ya sunkuyar da kai. Lawal ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ɗauki wayar tsakiya, ya latsa, ya latsa, ya juyo mana da fuskarta. Babu hoton. Ya ce a hankali, "Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ni yawan masu dannawa kawai nake kallo." Na ce masa ni ma haka.

Sai ya ce in zauna in ga wani abu. Ya nuna mini hoton a wurare har na daina ƙirgawa. Shafin 'yan adawa sun ɗauka sun rubuta wai ƙarya ce, buhunan ƙasa ce a ciki. Wani ya sa shi a Tiktok da kiɗa. Wani mai sayar da taki ya yi talla da shi. Na ce to yanzu yaya za a yi?

Ashe masu riƙe da shafukan siyasar yankin, na kowace jam'iyya, suna da zaure ɗaya. A fili su wuni suna zagin iyayen gidan juna, da yamma su haɗu wajen mai shayi. Lawal ya kanga wayar a baki ya ce, "Jama'a, hoton dattijon nan mai gyaɗa, kowa ya sauke. Maganar rai ce. Ba siyasa." Muna zaune amsoshi suka fara shigowa, "An sauke," "An sauke." Na 'yan adawar ma ya sauke, ya haɗa da tsokanar cewa yau ce rana ta farko da Lawal ya faɗi gaskiya. Na Tiktok da mai taki ba wanda ya san su. Waɗannan har yau ina bin su da saƙo.

Da za mu tafi na tambayi Lawal me zai ce wa Ogansa. Ya ɗaga kafaɗa. "In ya tuna, in sha faɗa. Ba yau aka fara ba."

Zulai ta ce ba za ta bar ni in tafi Safana ni kaɗai ba, don ko na je ba wanda zai nuna mini gidan. Washegari da safe muka hau a-kori-kura, mu da buhunan masara da wata akuya da ta ƙudiri aniyar cinye gefen mayafina. Motoci uku ne suka tashi tare, haka ake yi, ba a tafiya ɗai-ɗai. Da muka yi nisa sandunan sabis suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Ni da ban taɓa yin awa ɗaya ba a layi ba, sai na ji kamar an cire mini takalmi a tsakiyar ƙaya. Ina ta duba wayar, ina mayarwa, ina sake dubawa. Zulai ta ce, "Ki aje ta. Ba abin da za ta yi maki nan."

Iyakar Batsari da Safana ba wani abu ba ne, shinge ne na itace da 'yan sa-kai a gindin bishiya. Sai dai su ba katin shaida suke tambaya ba. Wani mai furfura a gemu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa ɗan wa, jikan wa. Da ya zo kaina ya tsaya.

"Wannan ba tamu ba ce. Wa ya san ta?"

Na fara lalube jaka neman kati. Zulai ta ce, "Baƙuwata ce, Baba. Ni na ɗauko ta." Ya gyaɗa kai ya wuce. Na kau da fuska don kar ta ga idona. Matar da na raba da gidan ubanta ce ta tsaya mini.

Ba mu daɗe da wucewa ba motarmu ta fara tururi. Direba ya tsaya, sauran biyun suka yi gaba, wai za su jira mu a gari na gaba. Hagu da dama ba kowa, sai gonaki a share suna jiran ruwa. Aka karɓi jarkar wata mata aka ɗura wa mota, aka ce sai ta huce. Ba mai magana. Ko jaririn Zulai shiru ya yi. Sai muka ji ƙarar babura daga gabanmu, ba ɗaya ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani dattijo ya fara salati ƙasa-ƙasa. Matar mai jarka ta zare 'yan kunnenta ta jefa a baki. Ni kuwa na tuna Umma tana can tana zaton ina ɗakin Gwaggo ina shan fanka.

Babura uku suka ɓullo. Na farko ya ɗauro ƙofar ƙarfe a baya, ta yi masa fiffike hagu da dama. Na biyu kwanon rufi a nannaɗe. Na uku wata tsohuwa ce a baya rungume da turmi. Suka rage gudu, suka yi sallama, suka tambaya ko lafiya. Mutanen wajen Runka ne, sun koma sun ciro ƙofar gidansu da rufinsa, za su kafa a inda suka samu mafaka. Matar nan ta tofo 'yan kunnenta a tafin hannu, aka yi 'yar dariya ta wahala. Ni dai ban iya dariyar ba. Na bi ƙofar nan da kallo har ta ɓace.

Mun shiga Safana rana ta take. Malam Iro na zaune a zauren ƙanensa yana tufka igiya da zaren tsohon buhu. Ya fi yadda yake a hoto ƙanƙanta. Zulai ta shiga ta yi masa bayani, ni na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwata har ƙarshenta, bai rage komai ba, ya sa aka kawo fura, ya ce sai na sha tukuna. Na kurɓa don dole. Sannan na faɗi abin da na yi, ban ɓoye komai ba, na ce ba wanda ya sa ni rubuta sunan garin, ni na ga ya fi daɗin karantawa.

Ya ci gaba da tufkarsa na ɗan lokaci.

"Ni na zaci hoton na ofishinku ne, ku aje cikin takarda," in ji shi. "Ba a ce mani duniya za ta gani ba."

Na ce ban tambaya ba ko an gaya masa.

"Kin san buhu nawa ne nawa a wurin?"

Na girgiza kai.

"Shida. Yaron naku da ya zo ya ce shida ba su cika hoto ba. Ya sa aka kwaso na maƙwabta aka tara bayana. Muna ta dariya ran nan." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Da mutanen suka kira, na rantse masu da Allah shida ne, kuma an ci an sayar tun tuni. Suka ce ƙarya nike, da idonsu suka gani."

Ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Shekara uku ina zaɓar hoton da ya fi cika ido, ban taɓa tambayar yadda aka yi ya cika ba.

"Bar kuka, ɗiyata. Kin taso tun daga Kano, kin biyo hanyar da 'yan garin ma ke tsoro. Na yafe maki duniya da lahira."

Na share fuska na ce akwai abin da nake roƙo. Zan yi magana a ofis a nema masa aron gona a nan kusa da Safana, a ba shi iri, ya yi daminar bana a nan. Ƙanensa da ke gefe ya ce shi ma abin da yake ta faɗa ke nan.

Malam Iro ya ce a'a. Ya ce duk rani yana kai taki gonarsa ta ƙauye a kan jaki, tun kafin wannan abu ya faru. Ya ce a gefenta aka binne mahaifinsa. In ruwa ya sauka zai koma Batsari, ya riƙa shiga da safe yana fitowa kafin yamma, kamar yadda wasu ke yi. Na ce, "Baba, sun san fuskarka." Zulai ma ta sa baki, muryarta ta karye a karo na farko tun haɗuwarmu.

Ya ajiye igiyar ya dube mu.

"In ban shuka ba, mi za mu ci? Hoton?"



Na kwana a ɗakin matar ƙanensa, wadda ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli duk da na ce a bari. Da safe Zulai ta raka ni tasha. Ta karɓi wayata ta sa mini sabuwar lambarta, ta ce kar in rubuta sunanta a kai. Na biyo ta Dutsin-Ma na dawo Kano. Ranar na gaya wa Umma gaskiya, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

A ofis na zayyana wa Oga komai. Aka kira ma'aikacin da ya ɗauki hoton, bai musa ba, ya ce ai kullum daga ofis ake ce musu a turo mai kyau. Ni ce mai cewa hakan. Na kwashe mako guda ina bin duk abin da na taɓa ɗorawa, ina cire fuska, ina goge suna da gari. Yanzu in kun leƙa shafinmu ba abin da za ku gani sai hannuwa da ganyen gyaɗa. Masu dannawa sun ragu sosai. Ɗaya daga cikin masu tallafa mana har ya rubuto yana tambaya ko shafin ya samu matsala ne. Oga ya ce ni zan ba shi amsa, na kuma ba shi.

Ruwa ya sauka a can sati uku da suka wuce. Baba ya koma Batsari, ya shuka. Wani mai babur ke kai shi, ba kullum ba, ba kuma lokaci ɗaya ba. Duk ranar da ya shiga, Zulai kan turo mini kalma biyu da yamma: "Ya dawo." Ban roƙe ta ba, ita ta fara. Ranar Talatar nan saƙon bai zo ba har aka kira magariba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, na zagaya tsakar gida har Umma ta ce in zauna ina sa ta jiri. Sai can ya shigo. Sarƙar babur ce ta tsinke, da ƙafa suka ƙaraso.

Don haka ke Jummai, da ke Asabe mai cewa na fara girman kai ina katse kira, ba girman kai ba ne. Ku kira ni da safe, ku kira ni da rana, zan ɗauka mu yi hira har ku gaji. Amma tsakanin la'asar da magariba ku bar mini layin a buɗe. Yau ma ya shiga gona, kuma ga shi an fara kiran la'asar.